Turmin da Ya Kusa Yin Ƙafafu

Ni dai ban roƙi hoton nan ba. Da an ba ni zaɓi, da bargon da ke kan kujerar falo na ɗauka, don na daɗe ina sa masa ido.

Shekara huɗu na yi ina kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, a nan garin Greensboro. In yi mata wanka, in ba ta magani, in zauna ina jin labarin marigayi mijinta wanda ya yi aiki a Japan. Gidan irin wanda za ka yi sallama a ƙofa, muryarka ta gaji kafin ta kai ɗakin ƙarshe. Bangon matakala kuwa, daga ƙasa har sama, hotunan Japanawa ne a jere cikin gilas, kuma babu na Allah da Annabi a cikinsu. Ga wata mace da wuya kamar igiyar guga, ga wani da ba mutum ba ba kunkuru ba da ɗan kwanon ruwa a tsakar kansa, ga yanyawa ta ci ado da kayan mata. Duk sanda zan hau benen sai na yi a'uzubillahi a ƙasa, in ƙara wata a tsakiya.

Tsohuwar ta lura da ni, sai ta mai da abin makaranta. Ta ce ba da alƙalami aka zana su ba. Katako ake samu a sassaƙe hoton a jikinsa, a shafa launi, a ɗora takarda a goge bayanta da hannu. Kowane launi da katakonsa, ja daban, shuɗi daban, kuma in ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, aikin ya lalace. Ta sa na matso har na ga zanen jikin itacen ya fito a sararin samaniyar hoton. Na yaba, don aikin hannu ne na gaske. Amma a raina na ce, duk wannan wahala don a fito da aljani fili, mu da muke kwana muna neman tsari da su.

Da ƙafafunta suka ƙi benen gaba ɗaya, 'ya'yanta suka zo daga garuruwansu suka sama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Kwana uku suka kwashe gidan. Abin da uwarsu ta yi shekara hamsin tana tarawa, suna ɗagawa suna cewa wannan a sayar, wannan a bayar, wannan bola. Ina ninke zannuwan gado ina tsaki a ciki, na koma gida na cika wa maigidana kunne cewa mutanen nan ba su san darajar uwa ba.

Ranar ƙarshe tsohuwar ta sa aka ciro hoto ɗaya daga bango ta miƙa mini. Jerin gwano ne na kayan gida. A gaba akwai laima mai ido ɗaya da ƙafa ɗaya, ta zaro harshe. Bayanta buta ce da ƙafafun kaza, sai tukunya ta ɗaga murfinta tana hamma, sai warin takalmi yana tsalle, sai fitilar takarda da ta yage tana dariya da yagewar. Ta ce a tatsuniyar mutanen can, kayan aikin gida in ya cika shekara ɗari yakan yi rai. In an riƙe shi da mutunci, shi ke nan. In kuwa an yi wurgi da shi bayan ya gama bauta, sai ya yi ƙafafu ya fito yawo yana neman mai shi. Ta riƙe hannuna tana dariya, ta ce ta zaɓa mini wannan ne don ni ce kullum cikin faɗa da tukwanenta. Na yi godiya irin ta wanda aka ba kyautar kare.

To, a wannan satin mu ma muna cikin haɗa kaya. Allah ya yi mun samu gida a McLeansville, mai fili a baya, za mu bar gidan hayarmu na hawa na biyu a East Greensboro. Mu huɗu ne: ni, maigida, 'yarmu da aka sa ranar aurenta wata biyu masu zuwa, sai Inna, mahaifiyata, wadda muka ɗauko daga Maraɗi shekara shida da suka wuce.

Inna ta zo ƙasar nan da turmi. Ba wasa nake ba. Ta cire rabin zannuwanta daga balis, wato akwatin tafiyarta, don ya samu wuri, aka sha fama da ma'aikatan filin jirgi suna juya shi suna leƙa cikinsa. Ɗan madaidaici ne, bai kai gwiwa ba, baƙi wuluk don tsufa, da tsaga a baki an ɗaure da waya. Sau ɗaya tak ta yi daka da shi. Taɓarya ba ta sauka sau goma ba maƙwabcinmu na ƙasa ya fara dukan silin da sandar mofa, Inna kuma ta ɗauka amshi yake mata, ta ƙara ƙaimi. Sai da takarda ta zo daga ofishin masu gidan. Tun daga ranar turmi ya koma lungun kabad, bayan injin shara, muka ci gaba da niƙa a bilenda Inna tana cewa miyar ba ta da rai.

Ranar Asabar motar masu karɓar kayan sadaka ta zo. Maigida ya kai Inna gaisuwar wata Hajiya, ni kaɗai ce a gida, zuciyata kuma ta ɗau zafin shara. Na fitar da tsoffin kujeru, da fankar da ba ta juyawa, da buhun takalma. Na buɗe kabad na ga turmi. Na ce kai, shekara shida kana cin wuri ba ka biya da komai, ba za ka bi ni sabon gida ba. Na mirgina shi har bakin mota da ƙafata. Ko ɗar ban ji ba, har ma na ji daɗin yadda kabad ɗin ya yi fili.

Hoton kuwa na jingine shi a falo kafin a sa shi a kwali. Inna na shigowa ta tsaya cak.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan?" Haka take kirana, don ni ce ta fari, ba ta faɗin sunana.

"Kyauta ce, Inna. Aikin hannu ne, mai tsada."

"Mai tsada ko mai araha, mala'ikun rahama ba za su tsaya a bakin ƙofa saboda laima mai harshe ba."

Ta ɗauko tsohon ɗankwali ta lulluɓe shi, ta soke gefe da gefe kamar mai rufe ƙullu.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da ita a durƙushe ta ɗaga gefen ɗankwalin, tabarau a kan hanci. Na yi gyaran murya. Ko a jikinta.

"Ita wannan butar me aka yi mata take gudu haka?"

Na zauna na ba ta labarin yadda tsohuwar ta ba ni, har da ƙarin gishiri. Ina jira ta ce shirme ne na waɗanda ba su da malamai. Sai ta gyaɗa kai.

"Ashe mutanen nan suna da hankali. Ai abin da ya ci gumin hannu ba a yar da shi kamar ɓawon gyaɗa." Ta bi jerin da yatsa har ƙarshe. "Ba su sa turmi ba. Ko ba sa daka?"

Na ce wataƙila suna yi.

"Nawa dai saura ƙiris ya cika ɗarin. Kakata aka sassaƙa wa shi shekarar da za ta yi aure." Ta fara lissafi da yatsu, haihuwar wance, rasuwar wane, ta tsaya wajen casa'in da wani abu. "A kansa aka zaunar da ita aka yi mata wankan lalle. A kansa aka zaunar da uwata, aka zaunar da ni. Ke ma a kansa kika zauna kina ta kuka kamar an ce ba za ki ƙara ganin tuwo ba. Saura takwarata. Kin ga dalilin da na baro zannuwana."

Takwararta ita ce 'yata, sunan Inna muka sa mata.

A wajenmu in za a yi wa amarya wanka, turmi ake kifewa a zaunar da ita a kai. Na san wannan sarai. Amma ranar da aka yi mini nawa fuskata a lulluɓe take, hawaye da majina sun haɗe, gwaggwanni suna ta guɗa a kunnena. Ina zan san turmin da aka ɗora ni? Ni duk shekarun nan na ɗauka don daka ta kawo shi.

"Yana ina ma?" in ji ta, tana sake soke ɗankwalin.

"Yana cikin kwali, Inna. Na naɗe shi da kyau."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce Allah ya yi albarka.

Washegari da hantsi ina shagon masu kayan sadakar. Na zaga ko'ina, wajen tukwane, wajen kujeru, har wajen kayan wasan yara, babu shi. Na je wurin matar da ke karɓar kuɗi a bayan kanta. Nan fa Turancina na kula da tsofaffi ya ƙare, don sunan magani na sani, ban san sunan turmi ba. Na zana shi a iska. Ta kawo mini kwandon shara. Na ce a'a, na gyara tsayuwa, na kama taɓaryar da babu, na shiga daka a tsakiyar shagon mutane, har da jefa ta sama in tafa in cafe, don jiki ba ya mantuwa. Wata tsohuwa da ke gwada hula ta tafa mini. Mai karɓar kuɗin ta buɗe baki ta ce ta gane, wannan baƙin icen mai rami. An saye shi tun ranar Litinin.

Ta ce wani dattijo ne da ke zuwa duk sati, duk abin da ke da rami saye yake. Ba za ta ba ni lambarsa ba, amma in bar tawa. Na rubuta, na ƙara da kalma ɗaya a ƙasa da manyan baƙaƙe, wadda ke nufin don Allah.

Kwana uku ina jira. Na gaya wa maigida, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tuna mini abin da na ce game da 'ya'yan Baturiya, ya ce laifi tudu ne. Na ce ya ƙarasa karin maganar in yana so ya ci abincin waje har mu tare. Na gaya wa amarya, ta amsa da Turancinta cewa ba komai, za ta duba a intanet ta sayo sabo, ko kuma ta zauna a kan kujerar roba. Na ce ta je ta faɗa wa kakarta haka in ta isa. Shi kuwa hoton, ɗankwalin ya riƙa zamewa ta gefe ɗaya, kuma kullum idon laimar nan ne ke fitowa. Na san Inna ce ke leƙawa ba ta mayarwa daidai, amma duk da haka na daina bi ta wannan gefen falon.

Inna ba ta ƙara tambaya ba. Sai dai ko miyar bilenda ta daina kushewa.

Ranar Juma'a dattijon ya kira, ya kwatanta mini gidansa a bayan gari. Ina tsayar da mota na ce la'ilaha illallahu. Hoton nan ne ya sauko ƙasa. Tsakar gidan cike da tsoffin kaya a jere a kan ciyawa, kowanne da fure a ka: butar shayi, takalman ruwa wari uku, bahon wanka, tukunyar ƙarfe, har da laima a rigingine an cika ta da ƙasa. A tsakiyarsu ga turmin kakar Inna, ya sha jajayen furanni kamar ɗan kwalliyar sallah.

Mutumin kirki ne, tsohon direban motar makaranta. Na nuna masa hoton Inna a waya, na yi masa bayanin amare huɗu da ta biyar mai zuwa. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Da kansa ya juye furannin cikin wani bokiti, ya wanke turmin da tiyo. Sannan ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce akwai abu ɗaya. Ya kife shi. Ya huda gindin da injin huda don ruwa ya riƙa tsiyayewa, rami ɗaya daidai shigar babban yatsa.

Na zauna a kan bahon wankan nan na yi kuka. Turmin da ya ƙetare teku lafiya, ni na kai shi inda aka huda shi. Dattijon ya rasa yadda zai yi da ni, ya tsinko fure ɗaya ya ba ni.

Dabarata ita ce in shiga da shi a ɓoye, in cusa a kwali, maganar rami kuma in ɗora wa gara. Na naɗe shi da bargo na hau bene ina nishi. Ina tura ƙofa na ga Inna a falo, zaune a bakin kujera da mayafinta na fita. Balis ɗin da ta zo da shi daga Maraɗi yana gabanta, a zuge, carbinta a ɗaure a hannunsa.

"Inna, ina zuwa?"

"Babu. Na dai haɗa ne."

Ta dubi bargon da ke hannuna. "Sauke shi, zai karya miki baya. Ya sha yawo."

Na sauke. Na ce, "Yaushe kika sani?"

"Tun washegarin ranar Asabar. Kullum da safe in na idar da salla nakan buɗe kabad ɗin in taɓa shi. Shekara shida, ke ba ki taɓa lura ba." Ta faɗe shi ne ba da faɗa ba, da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. "Da na ga wurin fili, sai na ce to, an fara fitar da waɗanda ba sa aiki. Shi ba ya daka, ni ma ba na daka. Na ce bari in haɗa nawa da kaina, kada motar ta dawo ta same ni ban shirya ba."

Tana murmushi ta faɗa, irin na zolaya, amma balis ɗin a zuge yake da gaske. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya kama ni, don na gane sati guda uwata tana kwana a gidana tana tunanin ko akwai ɗakinta a sabon gidan. Ɗakin kuwa yana nan, mai taga biyu, ni na zaɓa mata. Ban dai taɓa buɗe baki na gaya mata ba, na ɗauka abu ne da ba sai an faɗa ba.

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Na faɗi maganar ɗakin, da tagogin, da filin baya inda babu maƙwabcin da zai ɗaga sandar mofa. Sannan na kife turmin na nuna mata ramin, don ƙarya ta ishe ni.

Ta zura yatsa a ciki, ya fito ta ɗaya gefen. Ta daɗe tana kallo.

"To, ya huta da daka ke nan. Dama a kife ake zama a kansa." Ta kai hanci ta shinshina. "Har turare suka sa masa. Ke da aka haife ki a kusa da shi ko man gyaɗa ba ki taɓa shafa masa ba."

Ta miƙa hannu ta fizge ɗankwalin daga kan hoton gaba ɗaya. Ta ce a sabon gida a kicin za a rataye shi, saitin inda nake tsayawa, don laimar ta riƙa sa mini ido. Lokacin salla a rufe, in an idar a buɗe. Na ce mala'ikun rahama fa? Ta ce su ma sun san halina, za su yi uzuri.

Balis dai ba ta kwance shi ba sai ranar da muka tare. Ta ƙi yarda a sa turmin a kamiyo, babbar motar kaya, tare da kwalaye. A kujerar baya ya zauna kusa da ita, na ɗaura masa bel da hannuna tana kallo, maigida yana tuƙi yana cije leɓe don kada ya yi dariya. Da muka isa ta shiga ɗakin, ta buɗe taga ɗaya, ta buɗe ɗayar, sannan ta ce in kawo mata balis ɗin.

An yi wankan lallen a filin baya, da hantsi, an kewaye da zannuwa a kan igiyar shanya. Matan Maraɗi da na zangon Kumasi sun cika gidan, ana gardamar wace waƙa ake fara yi. Inna ta toshe ramin da ɗan tsumma, ta kife turmin da kanta, ba ta bar kowa ya taɓa ba. Aka fito da 'yata a lulluɓe, aka zaunar da ita. Ita da ta ce kujerar roba ma ta isa, sai ga kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi.

Kafin a zuba ruwan farko na matsa na ɗaga gefen mayafin. Wata Hajiya ta riƙe mini hannu, ta ce ba a buɗe amarya a nan, ko na manta al'ada ne?

Inna ta ce, "Ƙyale ta, Hajiya."

Na sunkuya saitin kunnen 'yata na ce, "Share idonki ki duba ƙasa. Ki ga abin da kike zaune a kai."

Ta duba, ta kai hannu ta shafa wayar da ke ɗaure da tsagar. Sannan na sauke mayafin, Inna ta ɗebo ruwa.